Iskar da ke shigowa aji ta ƙarƙashin daɓe

Wata ranar Litinin cikin watan Janairu, ina idar da sallar asuba na ɗora kwali biyu a bayan mota na nufi ɗaya daga cikin makarantun firamaren da ke hannunmu. Sanyin ranar irin wanda numfashi ke daskarewa a gashin baki ne. Abin da ke cikin kwalayen ba wani abin kallo ba ne, 'yan fakitin gawayi ne na auna wata iska mai suna radon, kowanne bai fi tafin hannu ba, kowanne da lambarsa. Aikina in rataye ɗaya a duk ɗakin da ke zaune kai tsaye a kan ƙasa, in rubuta lokacin da na buɗe shi, in dawo ranar Alhamis in kwashe.

Shekarata tara ke nan ina aikin kula da gine-ginen makarantun gwamnati a wata gunduma ta jihar Iowa a Amurka. Tukunyar ɗumama gini, fankoki, bututun ruwa, rufin da ke yoyo, duk namu ne. A Jos aka haife ni, kuma kafin in zo ƙasar nan, sunan radon a ajin kimiyya kaɗai na taɓa jinsa, cikin jerin sinadaran da muka haddace saboda jarrabawa. Ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana zan rarrafa a ramin ƙarƙashin aji ina neman ƙofar da yake bi ba.

Radon iska ce, ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Asalinta yuraniyom ne da ke cikin duwatsu da ƙasa tun da aka halicce su. Yuraniyom yana rikiɗa sannu a hankali har ya zama radiyom, radiyom kuma ya haifi radon. Duk waɗanda suka gabace shi a wannan tsatso daskararru ne, suna nan inda suke a cikin dutse. Shi kuwa da yake iska ne, sai ya bi ƙofofin ƙasa ya taso. A fili ba ya komai, iska ta kwashe shi. A cikin rufaffen ɗaki ne yake taruwa. Rabinsa yana rikiɗewa cikin kwana 3.8, kuma abin da yake bari, musamman foloniyom, yana manne wa ƙura, a shaƙe shi, ya zauna a hanyoyin numfashi yana harbin naman huhu daga ciki da tururin nukiliya da ido ba ya gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan sigari, radon na cikin manyan abubuwan da ke jawo sankarar huhu, tsakanin kashi 3 zuwa 14 cikin ɗari na masu cutar, gwargwadon ƙasa. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka kuma ta ƙiyasta yana da hannu a mutuwar mutum kusan 21,000 duk shekara a ƙasar nan, ciki har da kusan 2,900 da ba su taɓa kunna sigari ba.

A nan ana auna shi da pikokuri a kowace litar iska. A waje, ma'aunin bai cika wuce 0.4 ba. Idan ɗaki ya kai 4, hukuma ta ce a gyara. Huɗun nan daidai take da bekerel 148 a kowace mita kubik ta iska, ma'aunin da sauran duniya ke amfani da shi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2009 ta fi son a tsaya a bekerel 100. Daga nan lambar kawai zan riƙa faɗa, kamar yadda muke yi a wurin aiki.

Amurkawa kansu ba su farga da girman matsalar a gidaje ba sai a Disambar 1984, lokacin da wani injiniya, Stanley Watras, ya riƙa tayar da ƙararrawar na'urar bincike a tashar nukiliya ta Limerick a Pennsylvania, kuma a lokacin shigarsa aiki, ba fitarsa ba. Da aka bi diddigi sai aka tarar daga gidansa yake ɗauko abin a jikinsa da tufafinsa. Gidan ya nuna kusan 2,700.

Iowa ba ta da irin wannan labari guda ɗaya mai ban tsoro, tata matsalar a shimfiɗe take ko'ina. Ƙanƙarar zamanin da can ta niƙo duwatsu daga arewa ta baza garinsu a faɗin jihar, shi ne wannan baƙar ƙasa da masara ke so, kuma shi ne ke fitar da radon. Duk gundumomin jihar 99 suna rukunin da ya fi haɗari a taswirar hukuma, kuma kusan gida bakwai cikin goma da aka auna ya haura 4. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta wajabta wa makarantun gwamnati su yi gwaji kafin 1 ga Yulin 2027, sannan su maimaita duk bayan shekara biyar. Dokar tana ɗauke da sunan Gail Orcutt, wata malama da ta yi ritaya, ba ta taɓa shan sigari ba, amma ta kamu da sankarar huhu. Ta shafe shekarunta na ƙarshe tana sintiri a majalisar jiha kan wannan magana, ta rasu a 2020 ba ta ga an zartar ba. Albarkacinta na ɗauki kwalayen nan ran nan.

Rataye fakitin yana da ƙa'idojinsa, kuma a nan mutane da yawa ke ɓata aikin tun daga farko. Lokacin sanyi ake yi, a ranakun karatu, tagogi a rufe tun awa 12 kafin a fara, na'urorin iska kuma suna aiki yadda suka saba. Ba a ajiye shi a ƙasa, sai ya yi aƙalla rabin mita sama da daɓe, nesa da taga da ƙofar waje da bakin fanka. Ba a auna kicin da banɗaki, danshi yana rikita gawayi. Cikin kowane ɗaki goma, ɗaya ana rataye masa fakiti biyu gefe da gefe don a ga ko za su yi daidai. Akwai kuma waɗanda ba a buɗewa sam, a tura su ɗakin gwaje-gwaje tare da sauran a ga ko za su dawo da sifili. Na bi aji aji ina roƙon malamai kada su buɗe taga har Alhamis. Yara kuwa sai tambaya, wani ya ce ko kyamara ce, wata ta ce ko maganin ɓera ne.

Bayan mako guda sakamako ya iso. Ɗakuna 34 na auna. Yawancinsu tsakanin 1 da 3. Uku a tsohon ɓangaren ginin sun ɗan haura 4. Ɗaya kuma, ajin 'yan shekara bakwai da ke ƙarshen baranda ta gabas, ya nuna 11.3. Ajin da ke manne da shi, bango ɗaya ya raba su, 2.1.

Wannan shi ne abin da nake so duk mai kula da ginin makaranta ya riƙe: ba a auna ɗaki biyu ko uku a ce an auna makaranta. Da na yi samfuri kawai na rataye a ajin maƙwabta, da na rubuta rahoto cewa lafiya lau, da hannuna. Binciken da hukuma ta yi a makarantun ƙasar nan a farkon shekarun 1990 ya nuna kusan makaranta ɗaya cikin biyar tana da aƙalla ɗaki guda da ya wuce 4. Ɗaki guda ɗin nan, ba wanda zai nuna maka shi da yatsa. Ajin nan ya fi kowanne tsabta a barandar, ba tsaga a daɓensa, ba warin danshi.

Malamar ajin ta kusa shekara sittin, kuma shekararta 22 a wannan ɗaki. Da na shiga da na'ura ta biyu bayan an tashi, tana goge allo, ta juyo ta dube ni ta ce, "Ɗakina ne, ko?" Na ce nata ne. Ta tambayi lambar na faɗa mata. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce ko shi ya sa take yawan ciwon kai da rana, yaran ma bayan abinci sai gyangyaɗi. Na ce mata radon ba ya sa ciwon kai ko tari ko wata alama da mutum zai ji, illarsa ta tsawon shekaru ce, kuma zai yi kyau ta gaya wa likitanta lambar da yawan shekarun da ta yi a ɗakin. Amma maganar gyangyaɗin ta tsaya mini a rai. Ashe ita ce ta fara nuna mini hanya.

Fakitin gawayi lamba ɗaya yake ba ka, matsakaicin kwana uku, dare da rana a gauraye. Na'ura ta biyu kuwa tana rubuta ma'auni kowace awa. Na ajiye ɗaya a ajin, ɗaya a wani daga cikin ukun da suka ɗan haura, na bar su mako guda. Da na zuba bayanan a kwamfuta, na ɗakin can ya fito kamar haƙoran zarto: da ƙarfe shida na yamma an rage na'urorin iska, sai ya fara hawa, ya kai ƙololuwa gab da asuba, da safe fankoki su tashi ya faɗo ƙasa da 3 kafin yara su iso. Haka yawancin makarantu suke. Na ajin malamar kuwa akasin haka ya yi. Da dare yana wajen 8, da zarar an kunna na'ura da safe sai ya haye 13 ya zauna nan har a tashi. Wato lokacin da yara ke ciki, lokacin ne ya fi yawa.

Na kai takardar wa dattijon da ya koya mini aikin nan, wanda ya fi shekara talatin yana fama da tukwanen ɗumama makarantu. Ya sa gilashinsa ya duba, ya ce, "Na'urar ce ke jawo shi. Je ka buɗe cikinta."

Dalilin da radon ke shiga gini tun farko ba wai yana da ƙarfin kutsawa ba ne, ginin ne ke zuƙo shi. Iska mai ɗumi tana tashi sama ta fice ta rufi da tagogin bene, kamar yadda hayaƙi ke bin bututun gidan burodi, ƙasan ginin kuma ya nemi abin da zai cike gurbin. Ga fankokin banɗaki da na kicin suna ta fitar da iska waje. In ba a shigo da wata ta hanyar da aka tsara ba, gini zai samo ta ta kowace kafa, har da tsagar daɓe da gefen bututu. Bambancin matsin ɗan kaɗan ne, fatar mutum ba ta jinsa, amma dare da rana yake aiki. A hunturu kuma filin waje ya daskare ya zama kamar murfi, ƙasar da ke ƙarƙashin gini ce kaɗai a sake.

A tsofaffin makarantun nan, kowane aji yana da wata doguwar akwatin ƙarfe a ƙarƙashin taga. Cikinta akwai fanka da bututun ruwan zafi, bayanta kuma akwai ƙofa mai marfi da ke buɗewa waje. Aikinta ta haɗa iskar ɗaki da sabuwar iskar waje, ta ɗumama, ta hura. Na kwance kusoshin gabanta na haska tocila. Ƙofar wajen an toshe ta da katako da soso, an bi gefe da gam, ƙura ta yi kauri a kai. Wani ne ya yi haka shekaru da yawa da suka wuce, kuma na san abin da ya sa: ko dai bututun ya taɓa daskarewa ya fashe, ko kuma ana neman rage kuɗin mai, abin da aka yi a makarantu da dama bayan tsadar man shekarun 1970. Ban ga laifinsa sosai ba, abin da ke gabansa ya magance. Amma tun daga ranar, ajin bai ƙara samun iskar waje ta wannan hanya ba. Ga dalilin gyangyaɗin yara.

Sai na sunkuya na duba ƙasan akwatin. Inda bututu biyu suka fito daga cikin daɓe, akwai rami zagaye da su wanda hannuna zai shige har wuyan hannu. Muna da wani ɗan abu kamar alƙalami mai fitar da siririn hayaƙi. Na kunna fankar, na kai hayaƙin bakin ramin. Maimakon ya tashi a hankali, sai ya miƙe kamar zare ya shige cikin fankar da gudu. Na sa bayan hannuna na ji sanyin iska mai warin ƙasa tana busowa daga ƙasa. An hana fankar numfashi ta taga, sai ta koma yi ta rami.

Ramin ya kai ni ga wata hanyar ƙarƙashin ƙasa da bututun ɗumama ke bi, wadda ta zagaye tsohon ɓangaren. Tsayinta bai kai mutum ya tsaya ba, sai rarrafe. A zanen ginin da ke ofis an nuna an yi mata daɓen siminti. Na shiga da tocila a goshi, mita ashirin na farko siminti ne kuwa, daga nan har ƙarshen gabas tsurar ƙasa ce, busasshiya, mai laushi kamar gari. Na bar na'ura a can kwana biyu, ta nuna sama da 60. Tun daga lokacin zanen gini ya zama mini abin fara bincike kawai, ido ne ke yanke hukunci.

Sauran ɗakunan uku ba su da alaƙa da wannan hanya, nasu ta daɓe yake shigowa. A nan muka kira ɗan kwangila mai lasisin jiha, na tsaya tare da shi ina koyo. Ya huda daɓen a kusurwa ɗaya, ya sa bakin injin zuƙar ƙura a ramin, ya huda wasu ƙananan ramuka a nesa daban-daban, ya riƙa sa bututun wata na'ura mai auna ɗan ƙaramin matsi a kowanne. Abin da ake nema shi ne iya nisan da zuƙar ke kaiwa a ƙarƙashin siminti. Inda magina suka shimfiɗa tsakuwa kafin su zuba kankare, zuƙar ta kai har bangon can. Inda yumɓu ne a danne, taku huɗu ta mutu. A wani wuri kuma ta yanke tsaf a kan layi ɗaya, ashe akwai katangar fandisho a binne wadda ta raba ƙarƙashin ɗakin biyu. Wannan gwajin ne ke faɗa maka rami nawa za ka haƙa da girman fankar da za ka saya. Wanda ya tsallake shi, sai ya kafa fanka ta yi ta kuka a kan rufi, rabin ɗaki bai san tana yi ba.

A taron da muka yi kafin a fitar da kuɗi, wani ya kawo shawarar a toshe ramin da tsagogi da gam a sake aunawa, a bar maganar a tsakaninmu har a ga sakamako, kada iyaye su firgita. Na ƙi duka biyun, kuma har yau ina kan bakana. Toshe tsaga yana taimakawa, amma shi kaɗai ba ya riƙewa, gini yana motsi da sanyi da zafi, iska kuma za ta samu wata kafar. Maganar ɓoyewa kuwa, na ce matar nan ta riga ta tambaye ni na faɗa mata, kuma ko ba ta tambaya ba hakkinta ne. Ba gobara ba ce da za a kwashe yara a guje, haɗarin yana taruwa ne da shekaru, mako biyu ba zai canja komai ba. To me zai hana a faɗa wa mutane haka dalla-dalla, da lambar da ranar gyara? Da yaran da ke wucewa bayan shekara guda, da malamar da ta yi shekara 22, da mai sharar da ke shiga da dare, duk sun cancanci su sani. A ƙarshe an rubuta wa iyaye takarda, an mayar da ajin ɗakin karatu na ɗan lokaci. Iyaye biyu ne suka kira, su ma tambaya suke inda za su samu fakitin su auna gidajensu.

Gyaran ya ci hutun bazara. Muka cire katakon, muka sa sabon marfi mai injin da ke rufe shi da kansa in sanyi ya yi tsanani, muka cike ramin bututun. Ƙasar hanyar nan aka shimfiɗe ta da leda mai kauri aka manne gefenta da bango, aka sa bututu mai huji-huji a ƙarƙashinta. Ɗakunan uku aka haƙa musu rami huɗu a daɓe. Duk bututun suka hau rufi zuwa fankoki biyu da ba a kashewa, bakinsu nesa da inda gini ke shan iska, don kada a fitar ta nan ta dawo ta can.

A cikin makonnin nan na kira yayana a Jos. Muna yara, tudun yashin da masu haƙar kuza suka bari a wajen Bukuru filin wasanmu ne, kuma na ga mutane suna ɗibar yashin nan da tifa suna yin bulo da shafe. Duwatsun Filato irin masu ɗauke da yuraniyom da toriyom ne, ragowar wankin kuza kuma ya fi tara su. Na ce, "Yaya, ɗakin nan naka na ƙasa da ka sa wa na'urar sanyaya ɗaki ka toshe tagoginsa, ka riƙa buɗe shi yana shan iska." Ya ce, "Kai da ka tafi Turai sai ka dawo mana da tsoron iska?" Na ce ba tsoro ba ne, Yaya, abin da ya rufa mana asiri a gida shi ne tagoginmu a buɗe suke shekara da shekaru, ajujuwanmu wasu ko gilashi babu. Ranar da muka fara rufe ɗaki ruf irin na nan, a kan irin ƙasarmu, ya kamata mu fara aunawa. Na yi masa alkawarin zan taho da ƙaramar na'ura mai batir in na zo gida.

Da sanyi ya dawo a watan Disamba na sake rataye fakiti a ɗakunan huɗu da maƙwabtansu, domin gwajin da aka yi da rani tagogi a buɗe ba shaida ba ne. Ajin malamar ya nuna 1.4. Na kai mata takardar da kaina. Ta karanta, ta ninke ta sa a aljihun tebur, ta ce ta je wajen likita an yi mata hoton ƙirji ba a ga komai ba, kuma yaran bana ba sa barci bayan abinci kamar na bara. Na ce alhamdu lillahi.

A jikin kowane bututu, a ɗakin ajiyar kayan shara, akwai wani ɗan lanƙwasasshen gilashi mai shuɗin ruwa a ciki. In ruwan ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tsayi, fanka tana ja. In sun daidaita, ta mutu, kuma ba wanda zai ji ko ya sansana. Na nuna wa mai gadin ginin yadda ake dubawa, na sa shi cikin takardar zagayensa ta kowace Litinin. Saura makarantu biyar a jerina, kuma uku daga cikinsu suna da irin wannan akwati a ƙarƙashin kowace taga.